“Ƙirar ina ce?”: asalin mota da ƙarkonta a Tawa da arewacin Adar, daga Berliet zuwa Toyota

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin cinikin mota a Tawa ya san tambayar da mai saye ke fara yi tun kafin a tada inji: “Ƙirar ina ce?” Amsar da dillali ke ba shi kuwa ba kasafai take zama sunan ƙasar da aka ƙera motar ba. Sai ya ce ƴar Kwatano ce, ko ƴar Lome, ko Beljiyam, alhali Kwatano da Lome tashoshin jirgin ruwa ne kawai, Beljiyam ɗin ma ba masana'antunta ake nufi ba, tashar Anbers ake nufi, inda ake loda tsoffin motocin Turai. Duk da haka mai saye yakan gamsu da amsar, ya ɗora hukuncinsa a kanta.

Wannan ƴar takarda za ta yi ƙoƙarin nuna cewa mai sayen bai yi kuskure ba. A ƙasar da ba ta ƙera mota, ƙarkon mota bai tsaya ga masana'antar da ta fito ba; ya danganta da hanyar da ta biyo, da turbar da za ta taka, da inda ake samo kayan gyaranta, da makaniken da ya san cikinta. Sunan da Peugeot ta yi a Adar, da wanda Toyota ta gada daga baya, tarihin waɗannan abubuwa ne. Maganar ba ta wasa ba ce ga mutanen karkara kamar na Kalfu, gabas da Tawa, inda magidanci kan kwashe shekaru yana bida a Abijan ko Legas ko Libiya, ya dawo ya zuba abin da ya tara duka cikin mota guda da zai sa a hanya. In zaɓin ya yi kyau gida ya tashi. In ya ɓaci, bida ta koma sabuwa.

Kafin kwalta

Djibo Hamani, a bincikensa na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa, ya nuna ƙasa ce ta mahaɗa tsakanin Abzin da ƙasar Hausa, raƙumi da jaki su ne motocinta. Shigowar mota bai kawar da su nan da nan ba. Motocin Citroën masu sarƙa da suka ratsa Sahara daga Tugurt zuwa Tumbutu a ƙarshen 1922 da farkon 1923, da waɗanda suka bi ta Yamai da Damagaram a tafiyar 1924-1925, talla ce ta kamfani, ba sufuri ba. Hanyoyin da kwamandodi suka sa aka share da aikin tilas, wanda sai a 1946 doka ta soke shi, na rani ne. Da damina gulabe da ƙoramun Adar sukan yanke su.

Manyan motocin da suka fara aikin kaya na gaske daga wurare biyu suka zo. Daga yamma, kamiyon Faransa, musamman Berliet da ake ƙerawa kusa da Liyon, wanda ya ƙara suna da tafiyar Tenere ta 1959-1960. Tsarin da aka kira Opération Hirondelle tun 1953, wanda ya karkata kayan Nijar zuwa jirgin ƙasan Paraku da tashar Kwatano, ya ba waɗannan motoci aiki na dindindin. Daga kudu kuma, ta Sakkwato da Birnin Ƙonni, Bedford da Austin na Ingila, sannan Mercedes mai gajeren hanci da Jamus ta fara ƙerawa a 1959. Land Rover, ƴar Solihul ta Ingila tun 1948, ita ce motar hukuma a daji, kuma jikinta na alminiyon da ba ya tsatsa ya sa tsoffinta suka daɗe suna cin kasuwannin arewa, wajen Abalak da Cin-Tabaradan. Tun a wannan zamani, ke nan, “ƙirar ina” na nufin “ta wace ƙofa ta shigo”: ƙofar Faransa ko ƙofar Ingilishi.

Wani shinge ya raba ƙofofin biyu: a Najeriya hannun hagu ake bi, sitiyari yana dama, a Nijar kuwa akasin haka. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama. Ba a cika ambaton wannan rana a tarihin tattalin arzikin Nijar ba, amma a ganinmu ta cancanci a ambace ta, domin daga ranar ne motar Kano da ta Tawa suka zama abu ɗaya, kasuwarsu ta haɗe.

Zamanin Peugeot

Peugeot 404 ta fito a 1960, shekarar samun ƴancin kai, 504 kuma a 1968, dukansu daga Sosho (Sochaux) a gabashin Faransa. Sun yi suna a tseren Safari na Afirka ta Gabas: 404 ta ci a 1963, 1966, 1967 da 1968, 504 ta ci a 1975. Amma direban Tawa ba da tsere ya san su ba. Ya san su da abubuwan da hannunsa ke taɓawa: ƙafafun baya ne ke turawa, cikin motar ya ɗaga daga ƙasa, sifirin ɗinta na da doguwar tafiya da ke shanye gargadar hanyar burji, injin kuma na kafireta ne, babu abin da ke ɓoye a cikinsa. Mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfol, wadda daga faransanci aka samo mata sunan “bashe”, ta zama motar kasuwa. Mai dogon jiki, familiyal, da aka ƙera don mutum 7, ta zama motar haya tsakanin garuruwa, tana ɗaukar 9 ko fiye, ban da kayan da ke bisa.

Abin da ya mai da wannan mota mai kyau ta zama motar da kowa ya amince da ita ya faru ne a Kaduna. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, masana'antarsa ta Kakuri ta fara aiki a 1975. Haɗawa ake yi, ba ƙira daga tushe ba: sassan motar na zuwa a akwatuna daga Faransa, kuma shekaru da dama ta jirgin sama ake kawo su, daga Liyon zuwa Kano, sannan a ɗauke su a mota zuwa Kaduna. A shekarun da ta fi ƙarfi, wajejen 1980, masana'antar na fitar da sama da mota dubu 50 a shekara. Ba ita kaɗai ba ce: akwai Volkswagen a Legas, Mercedes a Inugu, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan. Sai dai babu wadda ta cika hanyoyin arewa kamar 504, motar gwamnati, motar ɗan kasuwa, motar haya.

Sakamakon haka ga Adar a fili yake. Birnin Ƙonni na kan iyaka, Sakkwato na bayanta kaɗan, kuma duk inda dubban motoci iri ɗaya suke, can kayan gyaransu ke taruwa. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, da ƴan kasuwar Ibo masu sayar da piyes da suka bazu har garuruwan Nijar, sun sa abin da ya karye a 504 yau gobe an same shi, sabo ko na hannu, na asali ko na Taiwan. Faɗuwar naira a kasuwar bayan fage ta ƙara wa mai sefa ƙarfi. Fetur ɗin Najeriya mai rahusa da ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe ya sa shan man motar bai dami kowa ba. Ko rufe iyaka da Najeriya ta yi daga 1984 zuwa 1986 bai tsinke wannan igiya ba, tsada kawai ya ƙara mata. Aparanti kuma, wato karen mota, a kan 504 yake koyon aiki, ya girma ya zama direba ko makanike, ya koya wa na baya a kanta. Ilimin mota da ilimin Peugeot suka zama abu guda.

A daidai wannan lokaci ne kuɗin uraniyom suka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, aikin da aka gama wajen 1980, kilomita 650 ko kusa da haka. SOMAIR ta fara haƙa a 1971, COMINAK a 1978. Tawa ta tashi daga ƙarshen hanya ta koma tsakiyarta, kuma ta wannan hanya ce wata irin Peugeot ta daban ta riƙa gangarowa.

Samarin Turai, Faransawa da Jamusawa da sauransu, sukan sayi tsohuwar 404 ko 504 da arha a ƙasarsu, su tsallaka teku zuwa Aljeriya, su bi ta Gardaya, In Salah, Tamanrasat, In Gezam, Asamaka, su sayar da ita a Arlit ko Agadas ko Tawa ko gaba, kuɗin ya biya musu jirgin komawa. Daga Tamanrasat zuwa Arlit babu kwalta a lokacin, rairayi ne da duwatsu, kuma wurin da ake kira Lawni ya shahara da gawarwakin motocin da suka maƙale aka bar su. A nan akwai abin lura ga mai tattara tarihin baka. In dattijo ya ce maka Peugeot ƴar Faransa ba ta mutuwa, gaskiya ya faɗa bisa abin da ya gani. Sai dai abin da ya gani shi ne waɗanda suka tsira. Hamada ta riga ta tace masa su, raunanan suna can kwance arewa da In Gezam, ba su zo sun ba da shaida ba.

Daga nan gardamar da ta daɗe a tashoshi ta samo asali: ƴar Faransa ko ƴar Kaduna, wace ta fi? Rinjayen ra'ayi na wajen ƴar Faransa, ana cewa ƙarfenta ya fi kauri, haɗinta ya fi tsabta. Mu dai muna ganin an yi wa ƴar Kaduna rashin adalci. Injinta da giyarta daga Faransa suke zuwa cikin akwati; abin da ake sa mata na gida bai wuce irin su batir, taya, gilashi, kujeru da fenti ba. An kuma shirya ta tun farko don zafi da ƙura, alhali wadda ta yi shekara 10 a Turai takan zo da tsatsar gishirin da ake zuba wa tituna da hunturu. Bambancin da ya fi yawa na rayuwa ne: ƴar Kaduna da ke isowa Tawa sau da yawa ta riga ta ci wuya a hannun ƴan haya tsakanin Kano da Sakkwato, ƴar Faransa kuwa a hannun mutum ɗaya ta tsufa, a kan kwalta. An kwatanta tarihin motoci biyu, aka ɗora laifin a kan masana'anta.

Yadda Toyota ta karɓe hanya

Abubuwa da dama ne suka haɗu cikin shekaru kamar 10 suka rushe wancan tsari. Shirin gyaran tattalin arziki da Najeriya ta shiga a 1986 ya karya naira, sassan da ake sayowa daga Faransa suka yi tsadar da masana'antar Kaduna ba ta sake komawa ƙarfinta na da ba, ko da yake ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara 20 bayan Faransa ta daina ƙera mai ƙofa huɗu a 1983. Rikicin Cin-Tabaradan na Mayu 1990, da tawayen da ya biyo baya har yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, da yaƙin basasar Aljeriya daga 1992, suka rufe hanyar Sahara ga masu kawo motoci. Sai kuma karya darajar sefa a Janairu 1994, inda faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100: sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa, ta zama ta gwamnati da ƙungiyoyi.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba: Peugeot da kanta ta bar hanyar. Motocin da suka biyo baya, 405 a 1987 da 406 a 1995, ƙafafun gaba ke jan su, cikinsu ya yi ƙasa, an ƙera su ne don titunan Turai. Suna ɗaya, mota daban. Toyota kuwa ta riƙe tsoffin halaye a inda ake bukatarsu. Land Cruiser jerin 40, daga 1960 zuwa 1984, da jerin 70 da ya gaje shi a 1984, da Hilux da ta fito a 1968, duk motoci ne masu shasi daban da jiki, masu sauƙin inji. Sun shigo Adar ta hannun ayyukan taimako da suka biyo bayan farin 1973-1974 da na 1984-1985. Aikin Keita, da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, wanda Benedetta Rossi ta yi nazarinsa a littafinta na 2015, misali ne na kusa, maƙwabcin Kalfu. In aiki ya ƙare ko mota ta tsufa a sayar da ita, ta faɗa hannun ƴan kasuwa, direbobin aikin kuma su fita da sanin gyaranta. Yaƙin Cadi na 1987, da har aka laƙaba masa sunan Toyota, ya yi mata tallar da kuɗi ba sa saye. A shekarun tawaye kuma ita ce motar da aka fi ƙwacewa a hanyoyin arewa, wanda shi ma wata irin shaida ce, mai ɗaci.

Ƙananan motoci kuwa ta teku suka zo. Daga shekarun 1990 Kwatano ta zama babbar kasuwar tsoffin motocin Turai, Lome na biye da ita. A wancan lokaci, da yawa ana rubuta su a matsayin masu wucewa zuwa Nijar, su bi ta Malanbil da Gaya, su iso Birnin Ƙonni ko Maraɗi, daga nan kaso mai yawa ya sulale Najeriya. Igiyar ta juya ke nan: a da mota daga kudu take hawowa, daga baya ta koma gangarawa kudu ta Nijar. Starlet da Corolla da Carina suka cika garuruwa, Hiace ta karɓe aikin familiyal a kan kwalta. Da suka yi yawa, abin da ya faru da 504 ya faru da su: piyes ya wadata, makanikai suka san su, mai sayarwa ya san zai sami mai saye. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ƙiyasta tsoffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai, Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 zuwa Afirka.

Abin da lambar shasi ke faɗa

A tasha ana cewa “ƴar Japan” kamar an ce “mai ƙarko”. Amma Toyota da yawa da ke yawo a Tawa ba su taɓa ganin Japan ba. Avensis da wasu Carina E a Ingila aka ƙera su, a masana'antar Burnaston da ta fara aiki a 1992. Yaris ta Turai tun 2001 a arewacin Faransa ake yin ta, kusa da Balansiyen. Corolla na iya zama ta Turkiyya, ta Ingila, ta Kanada ko ta Amurka. Camry da ake kawowa daga Amurka mafi yawanta ƴar Kentaki ce, inda aka fara ƙera ta a 1988. Hilux ta wannan ƙarni daga Tailan ko Afirka ta Kudu take fitowa. Wanda ke son ya tabbatar, haruffan farko na lambar shasi, mai alamomi 17, wadda ke jikin mota da kan kart giriz, suna faɗa masa: JT Japan, SB1 Ingila, VNK Faransa, NMT Turkiyya, AHT Afirka ta Kudu, MR0 Tailan, 4T1 Amurka. VF3 kuwa Peugeot ce. Akwai abin dariya a nan: mutumin da ya rantse ya bar motar Faransa har abada, ya sayi Yaris, motar Faransa ya saya.

Shin wannan na nufin dillalin da ke raba “ƴar Amurka” da “ƴar Turai” shirme yake yi? A'a. Abin da yake rarrabewa gaskiya ne, suna kawai ya ba shi na ƙasa. Motar kasuwar Amurka galibi ta fetur ce, mai babban inji da giya mai canja kanta, kuma da yawa daga gwanjon motocin da suka yi hatsari ake sayo su, a gyara jikinsu a hanya. Ta kasuwar Turai takan zo da ƙaramin inji da giyar hannu, wadda makaniken gari ya fi sabawa da ita. In ta gazuwal ce ta zamani kuwa, famfonta da matatar hayaƙinta ba sa jure gurɓataccen mai da ƙura. Wato abin da ake tambaya shi ne: don wace kasuwa aka shirya ta, wace rayuwa ta yi kafin ta zo.

Shi ya sa jerin gwanon ƙarko da ake bugawa a ƙasashen da ke ƙera mota ba ya amsa tambayar mutumin Kalfu. Binciken J.D. Power a Amurka, alal misali, yana ƙirga matsalolin da masu mota suka samu cikin kowace mota 100 da ta shekara 3. Motar da ke isowa Tawa sau da yawa ta haura shekara 15, kuma ranar ce rayuwarta ta aiki ke farawa. Can, mota mai ƙarko ita ce wadda ba ta lalacewa. Nan, kowa ya san za ta lalace. Abin tambaya shi ne a ina, da me za a gyara ta, kwana nawa za ta yi kwance, kuma in an gaji da ita ko za ta sayu. Bashe da ta tsaya tsakanin Barmu da Tawa ranar Lahadi, ranar kasuwa, da buhunan gero da awaki a bayanta, in direba da aparanti suka tada ta da waya da ɗan guntun roba kafin azahar, a lissafin mai ita ba ta lalace ba. Sabuwar mota da ta fi ta komai, wadda wata ƴar na'ura ta mutu a cikinta aka jira sati 3 kafin a kawo daga Kano, ita ce marar ƙarko, ko da sau ɗaya ta yi haka a shekara.

Hanyoyin shigowa ba su daina motsi ba. Najeriya ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa daga Janairu 2017, ta rufe iyakokin daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta cire tallafin fetur a Mayu 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma aka rufe gadar Gaya, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa farashin mota ko na mai ko na piyes a Tawa, ya kuma canja lissafin wace mota ce ke riƙuwa. Canjin da ya fi zurfi dai yana cikin motocin kansu. Waɗanda Turai da Amurka ke zubarwa yanzu an ƙera su ne bayan 2005, kwamfuta ke sarrafa injinsu, ba a gane ciwonsu da kunne sai an jona musu na'ura. Makaniken da ya koyi aiki a kan kafireta ba ya taɓa su, mai na'urar kuma a birni yake zaune. In irin wannan mota ta ƙi tashi a wani ƙauye na Kalfu, sai a nemo igiya a ja ta zuwa Tawa, kuma sau da yawa tsohuwar Land Cruiser ko bashe ce ke jan ta.